Sunan Mai Kwafa a Ƙarshen Faifai

Shekara uku maƙalar Dakta ta yi a kabad ɗin ofishina, cikin fayil mai ruwan ƙasa, tsakanin wata maƙala kan cutar gyaɗa da wata kan ciwon huhun shanu. Masana sun duba ta, an gyara, an amince. Ni da hannuna na buga mata wasiƙa a tafireta cewa za ta ga aikinta a fitowa ta gaba. Fitowa ta gaban ce ta ƙi zuwa.

A lokacin ni ne sakataren wata 'yar mujallar kimiyyar noma da ake shiryawa a Samaru. Ba ni da digirin dakta, ban kuma taɓa barin kowa ya ɗauka ina da shi ba. Aikina shi ne in karɓi maƙala, in aika wa masu dubawa, in bi su da roƙo har su dawo da ita, in kai maɗaba'a, in duba kurakurai, in liƙa kan sarki. Kullum da safe nakan fito daga gidanmu a Kusfa, in hau besfata, in ratsa Tudun Wada har in isa. Da na fara aikin, a shekarun tamanin, sau biyu muke fitowa a shekara, kuma muna da martaba daidai gwargwado. Mukan aika mujallarmu ƙasashen waje, su kuma su aiko mana da tasu musaya, da haka ɗakin karatunmu yake samun abin da ba zai iya saye ba.

Sai naira ta faɗi, takarda ta tashi. Ka tambayi farashi da safe, ka koma da rana riƙe da kuɗin, a ce maka ai wancan farashin ɗazu ne. Daga fitowa biyu muka koma ɗaya, daga ɗaya muka koma alkawari. Mai maɗaba'ar da a da yake aiko mini da kalanda, in ya hango ni a kasuwa sai ya tuna yana da uzuri a wata rumfar. Zuwa tsakiyar shekarun casa'in kabad ya cika da aikin mutane, ni kuma na zama mai gadin maƙabarta.

Dakta 'yar Kwarbai ce, ta ɗan girme ni, na kuma san gidansu tun ina yaro. Kaka bakwai ta yi tana bin ƙwarin da ke cinye wake a ajiya. Abin da matan ƙauye suke yi tun tale-tale, na cakuɗa wake da toka a rufe bakin tulu, shi ta zauna ta auna: tokar wane itace, yaya za a tankaɗe ta, nawa za a zuba, wata nawa zai kai. Aiki ne na haƙuri, wanda ba ya sa a kira mutum a rediyo. Ba mace ce mai yawan magana ba, shi ya sa ranar da ta shigo ofishina ta ja kujera ba tare da na ce bismilla ba, na san ba lafiya.

"Malam, daga taro nake a Ibadan," in ji ta. "Na ji wasu Turawa suna wannan aikin nawa. Sun ce baɗi za su buga."

Na ce, "Ai naki ya riga nasu, Dakta. Ga shi nan a kabad."

"A kabad," ta ce. "Wa ya sani ban da ni da kai da gara? In suka riga ni fitowa, duk wanda ya karanta nawa daga baya cewa zai yi kwaikwayo na yi. Kaka bakwai, Malam."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara mayafinta ta fita, ta bar ni da kunya kamar ni na ɓoye takardar duniya.

To, akwai kwamfuta a ofishin nan. Wasu baƙi ne suka kawo mana ita kyauta shekara biyu kafin nan, suka yi mana lacca kan cewa nan gaba mujallun kimiyya ba za su buƙaci takarda ba, ta waya za a riƙa aika su. Muka tafa musu, suka tafi, aka lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ni kaɗai nake ɗaga zanen. Duk ranar da aka kawo wuta sai in zauna in yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule, har na iya buga rubutu, na iya zuba shi a ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da 'yan ofis ke kira disket. Faifai ɗaya, wanda zai shiga aljihun riga, yana ɗaukar mujalla guda in an bar hotuna.

Da kwamitin editoci ya zauna, na nemi izinin magana, abin da sakatare ba ya yi. Na ce tunda takarda ta gagare mu, mu fitar da wannan fitowar a kan faifai, mu aika wa duk inda muka san akwai kwamfuta.

Shugaban kwamitin, Farfesa, dattijo ne mai tsabta, mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Ba zan zalunce shi ba ko da yake ya zalunce ni. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, kana ganin abin nan araha ne don ba ka biya kuɗin kwamfutar ba. Wutar da za ta kunna ta fa? In ta lalace, wa zai gyara, da wane kuɗin? Layin wayar da baƙin nan suke magana a kai, namu ko Kaduna ba ya kaiwa sai da addu'a. Su can za su zuba mujallunsu a waya su sa mata kuɗi, mu da muke samu ta musaya mu tashi a tutar babu, don ba wanda zai ba ka littafi ka ba shi roba. Kwamitin ƙarin girma kuma ba zai ƙirga abin da ba zai iya riƙewa a hannu ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma mafi yawansa ya faru daga baya. Amma sai ya ƙara da abin da ya tayar mini da hankali.

"Sannan faifai kowa na iya kwafarsa. Mutum ɗaya ya samu, goma su karanta, ba wanda ya biya mu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu da ba wanda ya kwafa, nawa aka biya mu?"

Wani daga cikin editocin ya shiga duba agogo. Farfesa ya mayar da tabaraunsa ya ce a rubuta cewa an ɗage maganar har sai an samu kuɗin bugu. Ni ne mai rubuta bayanin taro, don haka ni na rubuta hukuncin da hannuna, ina ji kamar in karya alƙalamin. Jiran gawon shanu aka ce mu ci gaba da yi, a kuma yi shi cikin ladabi.

Da la'asar na dawo gida raina a ɓace. A zauren gidanmu Baffana yake zama, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Sana'arsa kwafar littattafai da hannu, kamar yadda ubansa ya yi. Tun ina yaro na san tsarin. In malami ya ji labarin wani littafi a wani gida, a Kwarbai ko Ƙofar Galadima ko ma wani garin, sai ya aika a aro masa. Ba a hanawa, hana aron littafi abin kunya ne da ake tuna wa zuri'a. Za a kawo shi cikin gafaka, warƙa-warƙa, a kwafe, a zauna mutum biyu ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, sannan a mayar. A ƙarshen shafi na ƙarshe kuma mai kwafa zai rubuta sunansa da na ubansa, da ranar da ya gama, da wurin wanda ya aro, ya roƙi mai karatu addu'a.

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai kuma wa ya taɓa ka?"

Na zauna a bakin buzu na kwashe labari na faɗa masa. Na fito da faifai daga aljihu na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya shinshina.

"A cikin wannan abin littafi yake?"

"E, Baffa."

"Kwana nawa ake kwafarsa?"

"Kafin ka gama alwala an gama."

Ya yi dariya har da tari. "Ni wata huɗu nake kan littafi ɗaya, idona ya tafi a kai. Ku Allah ya ba ku abin da zai kwafa kafin a gama alwala, shi ne kuka zauna kuna shawarar yadda za ku hana a kwafa? To me kuke tsaro? Littafin da ba a kwafa ba ai na gara ne. Duk littafin da ka gani a ɗakin can, don wani ya ara ya kwafa ne ya kawo yau. Na asalin sun daɗe da zama ƙasa."

Na ce masa shugabanni sun hana. Ya ce shi bai san dokar boko ba, ba zai ce in yi ba, ba zai ce kada in yi ba. Amma da zan tashi ya kira ni. "In ka yi, ka sa sunanka a ƙarshe. Ɓarawo ne kaɗai yake kwafa ya ɓoye hannunsa."

Na fara zuwa wurin Dakta, don aikinta ne. Ta saurare ni har na gama ta ce, "Za su kore ka." Na ce wataƙila. Ta ce, "To ka bari in nemi sauran marubutan, kada a ce ka taɓa kayan wani ba da saninsa ba." Cikin mutum tara, bakwai suka yarda, biyu suka ce a bar su a kabad, na bar su.

Wata biyu na yi ina bugawa. Wuta ta zo in ajiye komai in zauna, ta tafi in koma liƙa ambulan. Sau biyu aka ɗauke ta ban adana abin da na buga ba, na yi zagin da ban san na iya ba. Zane-zanen da ba su shiga ba muka mayar da su jadawalin lambobi. Da na gama, Dakta ta riƙe asali tana karantawa ni ina bin allon kwamfuta da yatsa, lamba bayan lamba, yadda na ga ana yi a zaure. A can ƙarshe na buga, da Turanci da kuma Hausa, cewa wane ɗan wane na unguwar Kusfa a birnin Zazzau ya gama kwafar wannan daga takardun marubutansa ranar Alhamis, na sa kwanan wata na Musulunci da na boko. Na ƙara da cewa duk wanda wannan ya isa hannunsa ya kwafa ya ba wani, ya rubuta sunansa da garinsa da rana a ƙasan nawa, ya kuma yi wa marubutan addu'a.

Da kuɗin aljihuna na sayi kwalin faifai, ba sai na faɗi abin da matata ta ce ba. Wasu na aika ta gidan waya, wasu na ba masu tafiya taro, ɗaya ma direban motar haya na ba ya kai Sakkwato tare da buhun barkonon wani.

Ba a yi wata uku ba wani malami daga Jos ya rubuto wa Farfesa wasiƙar taya murna, wai mujallarmu ta shiga sabon zamani. Farfesa ya sa aka kunna masa faifan. Bai sha wahalar bincike ba, ga mai laifi nan ya rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu, saura lambar gida kawai. Abokan aiki sun yi mini dariya har suka gaji. Wani ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi fashi ya bar katinsa ba sai ni. Na ce masa ai ban yi fashi ba.

Aka ba ni takardar tuhuma. A gaban kwamiti Farfesa ya ce in rubuta wasiƙar ban haƙuri, in kuma aika wa duk wanda na ba cewa wannan fitowar ba ta mujalla ba ce, su goge.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san su duka ba. Ai na ce su kwafa su bayar."

"To ka rubuta ban haƙurin."

"Wa zan ba haƙuri? Marubutan sun yarda. In takardar ce na ɓata wa rai, a nuna mini ita, shekara uku ban gan ta ba."

Wannan maganar ita ta kai ni sito. Aka ɗauke ni daga mujalla aka mayar da ni inda ake ajiye buhunan taki da tsofaffin kujeru, in riƙa ba da fartanya ina karɓa. Aka goge abin da ke cikin kwamfuta, aka kwashe sauran faya-fayan aka kulle a kabad ɗin nan dai, tare da fayilolin. Zan yi ƙarya in na ce bai yi mini ciwo ba. Shekara goma sha ɗaya na ba mujallar nan, na san warin tawadarta. Amma in aka tambaye ni a unguwa sai in ce ko a jikina, an tsikari kakkausa, in shiga gida in kasa cin tuwo.

Shekara ta zagayo, Turawan suka buga nasu. Toka, tulu, wake, kusan komai iri ɗaya, babu ko ambaton Dakta. Ban ce sun yi sata ba, wataƙila ba su taɓa jin sunanta ba. Ta yanke shawarar rubuta wa editan mujallar can cewa ta riga su, amma tana buƙatar shaida. Ta je wurin Farfesa, ya ce mata cikin ladabi ba zai iya sa hannu a kan fitowar da kwamiti bai san da ita ba. Ta roƙi a ba ta ko faifai ɗaya daga kabad. Aka buɗe, damina ta bi ta kansu, sun yi funfuna, ba wanda ya karantu. Nawa na gida kuwa na riga na bayar da shi tun tuni, ga wani mai tafiya Maiduguri.

Ta same ni a sito ina ƙirga magirbi. Ta ce, "Malam, babu ko ɗaya."

Na ce, "A nan ne babu."

Muka zauna muka rubuta wasiƙu zuwa duk inda na tuna na aika. Mako shida shiru, har na fara guje wa hanyar ofishinta. Sai ga ƙunshi daga Yamai, daga wani ma'aikacin ɗakin karatu da ban taɓa jin sunansa ba, ban kuma taɓa aika masa komai ba. A ciki akwai faifai, da kwafin maƙalar Dakta da ya buga a takarda tun ranar da ta iso gare shi, ga hatimin ɗakin karatunsu da kwanan wata a kai, watanni da yawa kafin na Turawan ya fito. Muka roƙi wani ofis suka kunna mana faifan, na gangara ƙarshe. Ga sunana. A ƙasansa wani malami a Sakkwato, ya kwafa daga nawa. A ƙasansa wata mata a Birnin Ƙonni, sai wani a Maraɗi da ya rubuta nasa da Faransanci, sai mutumin Yamai. Kowa da garinsa da ranarsa, ba wanda ya tsallake.

Dakta ta karanta sunayen a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta sake karantawa. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba a ofishina.

Ta aika wa editan da shaidar. Bayan watanni mujallar can ta buga 'yan layuka da ƙananan haruffa, a shafin da ba kowa ke dubawa ba, cewa an jawo hankalinsu ga aikin da ya gabaci wannan, ga sunanta, ga Zariya. Kwamitin ƙarin girma bai ƙirga mata shi ba, yadda Farfesa ya faɗa. Musayar ma ta mutu, yadda ya faɗa. Fitowar nan kuma ba a taɓa buga ta a takarda ba. An aiko mini sau biyu cewa in na rubuta ban haƙuri za a mayar da ni kujerata, sau biyun na ce a gaishe su. A sito na yi ritaya.

Ranar da layukan suka iso, Dakta ta zo gidanmu da kanta. Ta shiga ciki ta gaisa da mata, sannan ta fito ta durƙusa daga bakin zaure ta gaida Baffa, wanda a lokacin ba ya gani sosai. Na karanta masa sunayen nan biyar da garuruwansu daga shafin ƙarshen faifan da muka buga a takarda. Bai tambayi abin da Turawa suka ce ba.

"Sun yi mata addu'ar?" in ji shi.

Na duba. Na Sakkwato ya yi, matar Ƙonni ta yi, na Yamai ya yi. Na Maraɗi ne ban iya karanta nasa ba, Dakta ta karɓa ta duba ta ce shi ma ya yi.

Baffa ya ce, "To, ya isa littafi." Ya miƙo hannu na sa masa faifan, ya laluba gafakar da ke kusa da shi ya zura shi ciki. Sannan ya fasa, ya zaro shi ya mayar mini.

"A'a. Kai a kwafa."